Kayan Aro a Ɗakin Kimiyyar da Muka Gina

Daga:
Nana Khadija Ibram,
A madadin iyayen ɗaliban aji shida, sashen kimiyya,
Sakandaren Gwamnati ta Jeka-ka-dawo, Unguwar Tsamiya Biyu,
Nguru, Jihar Yobe.

Litinin, 12 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Ilimi na Shiyya,
Gashuwa, Jihar Yobe.

Ta hannun Bulaman Unguwar Tsamiya Biyu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KAYAN GWAJE-GWAJEN DA AKA NUNA MANA A MATSAYIN NA MAKARANTARMU, DA JARRABAWAR 'YA'YANMU DA TAKE TAFE

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da waɗanda suke aiki a ƙarƙashinka, da fatan Allah ya sauƙaƙa maka nauyin da ke wuyanka.

Ranka ya daɗe, ni abin da bakina ya saba farawa da shi shi ne "ga ta nan, ga ta nanku," yaran unguwa su amsa mini "ta zo mu ji ta." Yau ba tatsuniya na kawo ba, kuma kai ba a sa ka amsawa. Idan ka ga maganata ta yi tsawo, ka yi mini haƙuri irin wanda ake yi wa tsohuwa. Ban shiga aji ba. Rubutun nan a littattafan jikokina na koye shi, kuma ban bai wa kowa ya gyara mini ba, domin ina so abin da ya fito daga bakina ya zama shi ne ya iso teburinka.

Sana'ata jere. Duk amaryar da aka kai ɗakinta a unguwarmu da kewaye, zai yi wuya ba hannuna ne ya jera mata kwanuka ba. Na faɗi wannan ne saboda ta ƙofar sana'ar nan aka shigo mini. Ina riƙe da jikata Bushra tun da aka yaye ta. Mahaifinta Ridwanu, ɗana, fataucin busasshen kifi yake yi zuwa kudu, rabin shekara ba ya gida. Bushra tana aji shida a makarantar da na ambata a sama, burinta aikin jinya, kuma a watan Mayu mai zuwa za ta zauna jarrabawar kammala sakandare. A cikin jarrabawar akwai ta gwaji, wadda ake yi da hannu a ɗakin kimiyya. Yarinyar nan da abokan karatunta ba su taɓa riƙe ko kwalbar gwaji ɗaya ba. Ga yadda aka yi.

1. A farkon shekarar 2023, shugaban makarantar, Malam Saleh, ya tara iyaye a gindin tsamiyar ƙofar makaranta. Ya ce an ba shi dama ya buɗe sashen kimiyya, in har akwai ɗakin da za a zuba kaya. Ya ce ɗaki kawai yake nema a wurinmu, kaya kuwa na gwamnati ne, suna nan tafe. Maganarsa ta yi mana daɗi, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Mun daɗe muna ganin masu hali suna kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, makarantar da muke gani daga ƙofar gidajenmu tana ta lalacewa. Muka ce tamu ce, mu za mu tashe ta. Liman ya yi addu'a, aka shafa Fatiha, aka raba goro. A wurinmu maganar da aka shafa wa Fatiha ta gama ƙulluwa, shi ya sa ba wanda ya ce a rubuta komai.

Muka yi gayya. Maza suka buga tubali a bakin kududdufi cikin zafin bazara, masu amalanken shanu suka yi ta jigila, mata muka ɗebi ruwa muka dafa wa magina burabusko. Maƙwabcina Martin, mai gyaran injin niƙa, wanda aka haifa a nan Nguru tun kakansa yana aikin jirgin ƙasa, shi ya haɗa ƙofa da tagogin ƙarfe da hannunsa, bai karɓi ladan aiki ba. Kafin ruwan farko ya sauka mun rufa kwano.

2. Ranar Litinin, 10 ga Yuli, 2023, wata a-kori-kura ta shigo makaranta da kwalaye. Malam Saleh ya aiko a kira ni. Ya ce masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis, kuma babu wanda ya iya jera kaya su ɗauki ido kamar matan unguwarmu, saboda haka yana roƙo in zo da ƙawayena mu yi wa ɗakin jere. Ranka ya daɗe, har rawa na taka a tsakar gidana. Na jera ɗakunan amare ba adadi, amma ban taɓa jera ɗakin ilimi ba.

Muka je da tsummokaranmu masu tsabta. Ga kwalaben gilashi masu dogon wuya, ga ma'auni, ga ƙananan murhun gas, ga madubin ganin ƙwayoyin cuta guda huɗu, ga wani mutum-mutumi da ake buɗe cikinsa a ga hanta da huhu, wanda ƙawata Ya Mairam ta ƙi taɓawa sai da ta lulluɓe shi da mayafinta. Muka goge komai. Muka jera manya a baya, ƙanana a gaba, yadda ake yi wa kwalla, har hasken taga ya riƙa wasa a jikin gilashin.

A nan ne Ya Mairam ta juya wata kwalba, ta miƙo mini gindinta. Akwai ɗigon jan fenti. Muka juya wata, akwai. Muka juya ma'auni, akwai. Ranka ya daɗe, ka tambayi mahaifiyarka ko uwargidanka, kowace mace ta san wannan alamar. In za a ara wa amarya kwanuka a cika mata ɗaki saboda idon 'yan kallo, mai kayan takan ɗiga jan farce a gindin kowane kwano, domin bayan biki a gane nata a mayar mata. Ya Mairam ta yi dariya ta ce ashe makarantar ma amaryar aro ce. Na tambayi Malam Saleh. Ya amsa mini ba tare da ko ƙifta ido ba, ya ce tambarin gwamnati ne, haka ake yi wa duk kayan hukuma don kada a sace. Muka yarda. Har na yi wa Ya Mairam faɗa, na ce ta daina haɗa gwamnati da uwar amarya mai ƙaramin ƙarfi. A tunaninmu aro abin talaka ne. Ba mu taɓa kawowa hukuma ma tana aron kayan gani ba.

3. Ranar Alhamis, 13 ga Yuli, masu dubawa suka zo su uku. Malam Saleh ya tsayar da ni a gabansu a matsayin uwar iyaye. Babbansu, wani dattijo mai ladabi, ya tambaye ni ko kayan nan na makarantar ne. Ga abin da na ce masa, kuma ina so a karanta shi yadda na faɗa: "Ɗakin mu muka gina, kayan gwamnati ta ba mu, ni na jera su da hannuna, Allah ne shaida." Ya rubuta. Mata suka rangaɗa guɗa.

Wannan shi ne ƙorafina da ya fi ci mini rai. An sa na kira sunan Allah a kan abin da mai sa ni ya san ƙarya ne. Ba na ganin laifin masu dubawa. Sun ga ɗaki cike, sun ji tsohuwa ta rantse, me kuma za su nema?

4. A kan abin da na gani ne na shiga gida-gida. Lokacin zaɓen makarantar da yara za su shiga aji huɗu ya zo, ni kuwa bakina ba ya gajiya. Bushra ta samu gurbi a makarantar kwana ta kimiyya ta 'yan mata a wani gari, Ridwanu har ya sayo mata akwati da bokiti. Na zaunar da shi na ce ina amfanin kai yarinya nesa, ta yi ta kewar gida, alhali ga irin kayan nan a bayan katangarmu? Ya ce Inna, kin tabbata? Na ce da idona na gani. Ya bi maganata, domin bai saba ƙetare ta ba. Gurbin ya tafi ga wata.

Martin kuma 'yarsa Amarachi tana makarantar kuɗi a lokacin. Matarsa Winifred ba ta so a cire ta ba, ta ce ta san halin makarantun gwamnati. Ni na je har kicin ɗinta, ina taya ta gyaran wake, ina ba ta labarin madubin nan huɗu da mutum-mutumi mai hanta. Na ce mata Amarachi da Bushra tare suka yi rarrafe, a bar su su gama tare. Ta ce tunda Mama ce ta faɗa, shi ke nan. Haka na yi a gidaje da dama, Kanuri da Bade da Hausawa da Fulanin bakin kasuwa. Da aka buɗe makaranta a watan Satumba, ajin kimiyya ya cika har ana ƙaro benci.

5. Daga ranar ɗakin yake kulle. A aji huɗu aka ce yara sun yi ƙanana, akwai ruwan gwaji mai ƙona fata, sai sun girma. Muka ce hankali ne. A aji biyar aka ce gas ya ƙare, ana jiran a kawo. Muka ce a yi haƙuri, abin hukuma ba ya sauri. Tagogin da Martin ya haɗa an kulle su ta ciki, ba a ganin komai. A shekarar ce aka turo musu malamar kimiyya, Malama Msurshima, yarinya mai ƙoƙari daga Binuwai. Muka karɓe ta yadda muke karɓar baƙo, kowane gida da ranar da zai aika mata akushi. Takan zana musu kwalba a allo, ta zana wuta a ƙarƙashinta, ta ce su ɗauka ruwan ya canza launi. Bushra takan dawo ta zana mini a ƙasa da tsinke, ni kuma in ce mata ta kwantar da hankali, na ainihin suna nan a jere suna jiranta, har in kwatanta mata inda na ajiye kowanne.

6. Iskar ƙarshen daminar bara ta ɗage kwano ɗaya a rufin ɗakin. Muka ji tsoron kada ruwa ya lalata kayan, muka sa ranar gayya, Asabar 18 ga Oktoba, 2025. Muka nemi mabuɗi, aka ce yana hannun mai kula da sito, shi kuma ya tafi Jakusko gaisuwar rasuwa. Martin ya ce ba sai an buɗe ba, ya kafa tsani ya hau. Ya leƙa ta inda kwanon ya ɗage. Ya daɗe a can sama, sannan ya sauko a hankali, bai dubi kowa ba sai ni. Ya ce in hau in gani. Da shekaruna da ciwon gwiwata na hau tsanin nan, mata biyu suna riƙe da shi. Kantoci ne kawai, ranka ya daɗe, da kashin jemage. Takardun da muka shimfiɗa a kan kantocin don kada gilashi ya karce suna nan yadda muka bar su.

Da farko mun ɗauka sata ce. Sai Ɗayyabu, direban a-kori-kurar da ke jigila tsakanin Nguru da Gashuwa, ya ji ana maganar a tasha, ya zo da kansa ya same ni. Ya ce shi ya kawo kayan daga wata makaranta a Gashuwa, shi kuma ya mayar da su a satin da aka yi hutu, da rana tsaka, Malam Saleh yana tsaye ana lodi. Ya ce shi bai san ɓoyayyen abu ba ne, ya ɗauka kowa ya sani. A shirye yake ya maimaita wannan a gabanka.

7. Ranar Asabar, 22 ga Nuwamba, muka zauna da Malam Saleh a gaban Bulama, mai unguwarmu. Bai musa ba. Ya ce ba don aron ba da ba a amince da sashen ba, ya yi ne don ci gaban makaranta, kuma ya yi zaton kayanmu za su iso kafin yara su kai aji shida. Wataƙila har zuciyarsa haka ya yi zato, Allah ne masani. Amma shekara biyu yana wucewa ta ƙofar gidana, yana ce mini Hajiya ina kwana, yana cin abincin sunan jikokinmu. Da ya faɗa mana gaskiya tun yara suna aji huɗu, da mun san abin yi. Mutanen da suka buga tubali a zafin bazara ba za su kasa neman kwalba ba. Wanda zai mayar da 'yarsa wani wuri kuma da ya mayar tun da sauran lokaci.

Da muka tambaye shi jarrabawa fa, sai ya ce za a sake aro ranar gwaji. Malama Msurshima ce ta tashi, cikin ladabi, ta tuna masa cewa rana ɗaya, sa'a ɗaya ake yin gwajin a ko'ina, masu kayan su ma 'ya'yansu za su zauna a kansu. Ta ƙara da cewa ko da an samu, yaron da bai taɓa kunna murhun gas ba ba a ranar jarrabawa zai koya ba. Sati bai zagayo ba aka ɗauke ta daga aji shida aka mayar da ita koyar da lissafi a aji ɗaya. Yanzu kuma an aiko mana cewa kafin ƙarshen watan nan na Janairu kowane uba ya zo ya amince a yi wa ɗansa rajista a darussan da ba na kimiyya ba, wai don kada su faɗi. Darussan da ba su karanta ba, ranka ya daɗe, a wata huɗu.

Ga inda kowa yake a yau. Malam Saleh yana ofishinsa. Malama Msurshima tana aji ɗaya, amma da yamma yaran aji shida suna taruwa a zaurena tana yi musu bita ba tare da an sa ta ba. Martin ya gyara rufin ɗakin duk da haka, ya ce ginin ba shi da laifi. Winifred tana gaishe ni kullum da safe, sai dai ta daina shigowa. Ridwanu ya dawo daga kudu ya ji labari, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Bushra da Amarachi suna zuwa makaranta a kan lokaci. Bushra ta daina yi mini zane a ƙasa.

Saboda haka, cikin girmamawa, muna roƙon ofishinka:

Na farko, a dakatar da maganar sauya wa yaran nan rajista, har sai ka saurare mu.

Na biyu, a sama musu inda za su yi gwaji da hannunsu daga yanzu zuwa Mayu, da inda za su zauna jarrabawar. In kayan ba za su samu zuwa Nguru ba, a ba su izinin shiga ɗakin kimiyyar wata makaranta a Gashuwa ranakun Asabar da Lahadi. Mota da abincin hanya mu iyaye mun ɗauka, Ɗayyabu ya riga ya ce motarsa tana nan, ni kuma zan raka 'yan matan da kaina.

Na uku, a mayar musu da Malama Msurshima.

Na huɗu, a sake turo masu dubawa, ba tare da an sanar da kowa ranar zuwansu ba, a buɗe ɗakin a gabanmu. Kuma ina roƙo a nemo rahoton watan Yulin 2023, a rubuta a gefen shaidata cewa mai ita ta janye ta. Ba na so in tafi kabari da ita a rubuce.

Abin da za a yi wa Malam Saleh ba mu da ta cewa a ciki, hurumin hukuma ne. Ba mu zo neman a wulaƙanta kowa ba. Kuma ina so ka sani, ranka ya daɗe, har yau ba gida ɗaya da ya cire ɗansa daga makarantar nan. Mun zauna mun yi shawara, muka ga in mun watse, ƙannen waɗannan yaran ba su da inda za su je. Ƙanwar Bushra tana aji uku, bana za a tambaye ni inda za ta shiga aji huɗu, maƙwabta kuma za su zuba ido su ga abin da zan yi. Ina so in ce musu makarantarmu. Amma wannan karon ba zan buɗe baki ba sai na ji amsarka.

Ina neman afuwa idan akwai kalmar da ta wuce iyaka a takardar nan. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Taka mai biyayya,

Nana Khadija Ibram
Kakar Bushra Ridwanu, aji shida, sashen kimiyya.

Kwafi zuwa ga Bulaman Unguwar Tsamiya Biyu da Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai.